Tambari da Mai Kaɗa Shi: Daga Filin Idin Zariya Zuwa Abuja

Duk wanda ya taɓa zama a ɗaya daga cikin manyan zaurukan taro na birnin Abuja a daren da ƙungiyar makaɗa irin ta Turawa take wasa, ko ya kalli irin wannan wasa a akwatin talabijin, zai lura da wani mutum a can sahun baya, kewaye da wasu manyan ganguna uku ko huɗu masu kama da tukwanen jan ƙarfe. Masu goge suna ta faman ja, masu busa suna ta kumbura kumatu, shi kuwa yana zaune hannu a cinya kamar wanda aka gayyato kallo. Can sai a ga ya sunkuya ya kara kunnensa a fatar ganga, ya ɗan taɓa ta da yatsa, ya miƙe. Sa'an nan, a daidai lokacin da shi da jagoran kiɗan suka sani, sai ya saki hannu, zauren ya ɗauka kamar hadari ya taso daga gabas. Turawa suna kiran waɗannan ganguna timfani, ƙungiyar kuwa okestira. Mu da muka tashi muna jin tambura a ƙofar fada ranar jajiberen Salla ba mu bukatar tafinta. Wannan ɗan'uwan tambari ne, ko da yake ya yi shigar wata ƙasa.

Abin da ya ja hankalinmu ga rubuta wannan maƙala shi ne hanyar cin abincin wannan mutum. Sau da yawa ba ma'aikacin kowa ba ne. Yau wannan ƙungiya ta kira shi, gobe waccan, jibi gidan rediyo ko masu shirya fim, a biya shi ladan aikinsa ya kama gabansa. Kakanninsa a sana'a kuwa barorin sarakuna ne, kamar yadda makaɗin tambari yake a ƙasar Hausa, kuma doka ta hana su kaɗa wa kowa in ba iyayen gidansu ba. To, yaya aka yi ɗaya ya sami 'yancin yawo da gangarsa, ɗayan kuwa har yau ba shi da ikon fita da ita sai tare da sarki? Babu wurin da ya fi dacewa da wannan tambaya kamar Abuja, domin sunan da birnin yake amsawa aro ne daga wata masarauta wadda tambura suna cikin abubuwan da suka riƙe ta a lokacin da ba ta da gari ko ɗaya a hannunta.

Gangar Sarki

Masana da dama suna danganta kalmar tambari da kalmar Larabci ɗabl, wato ganga. Ibn Khaldun, a cikin Muƙaddimarsa, ya lissafa kaɗa ganguna da busa ƙaho da ɗaga tutoci cikin alamomin da mai mulki yake keɓanta da su. A Masar ta zamanin Mamalik, akwai wani matsayi na hakimai wanda alamarsa ita ce a riƙa kaɗa wa mutum ganguna a ƙofar gidansa, wanda bai kai wannan matsayi ba kuwa, komai dukiyarsa, ba a kaɗa masa. A wajen Abzinawa abin ya fi haka ma, domin kalma guda, ettebel, ita ce sunan gangar, ita ce sunan mulkin, ita ce kuma sunan taron ƙabilun da suke amsa kiran gangar. Shi ya sa Hausawa suke kiran wasu shugabannin Abzinawa da sarautar Tambari.

Littafin Tarihin Kano ya nuna mana hanyar da irin waɗannan kaya suka biyo. A zamanin Sarki Dauda (1421 zuwa 1438) wani babban mutum da ake kira Dagaci ya zo daga Barno da jama'a mai yawa, tare da ganguna na kan dawaki da kakaki da tutoci da bindigogi. Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) shi ake jingina wa mayar da kakaki da figini kayan sarautar Kano. Da aka zo kan Kutumbi (1623 zuwa 1648) abin ya kai maƙura, don an ce idan zai fita yaƙi ko Salla akan bi shi da dawakan zage 100, da ganguna 40, da kakaki 25, da tambura 50. Mai karatu ya lura da wani abu a nan: marubucin ya ƙirga tamburan ɗai-ɗai, amma mutanen da suke kaɗa su ya wuce su kamar yadda ya wuce masu jan dawakan. A idonsa su ma kayan sarauta ne.

Shi tambari ice ne babba da ake fafewa ya zama kamar ƙaton akushi, a rufe bakinsa da fatar sa, a ɗaure ta tamau da igiyoyin fata. Ba a kaɗa shi da lanƙwasasshen makaɗi irin na kalangu, da bulala mai kauri ta fatar dorina ake dukansa. Saboda nauyinsa, a wasu masarautu akan ɗora shi a kan raƙumi ranar hawa, a wasu kuma mutane suke ɗauka, wani na kaɗawa. Murya ɗaya gare shi, ba ya lanƙwasa harshe ya kwaikwayi magana yadda kalangu ko jauje suke yi. Amma wannan murya ɗaya ta ishe shi, tun da abin da yake faɗa bai da yawa: an yi sabon sarki, an ga wata, za a fita yaƙi, an dawo da nasara. A Katsina, Gwauron Tambari yana cikin kayan gadon sarauta tare da takobin nan Gajere, kuma ana buga shi a bikin naɗin sarki. Idan abokan gaba suka ƙwace tamburan sarki a fagen fama, abin kunyar ya fi na rasa dawaki ɗari.

Rayuwar mai kaɗa irin wannan ganga tana da tsari tun daga haihuwa. Galibi gado ne. Yaro yakan fara da ɗaukar kaya da shafa wa fata mai da tsayawa bayan mahaifinsa yana saurare, har hannunsa ya faɗa. Idan rabonsa ya kai, a naɗa masa rawani a matsayin shugaban masu tambura, ya zauna a sahu guda da sauran masu sarautun kiɗa da busa na fada, irin su Sarkin Makaɗa da Magajin Banga da Sanƙira. Cinsa da shansa da suturarsa da muhallinsa suna wuyan sarki. A wasu fadoji, musamman Kano, aikin yana hannun bayin sarki. M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, ya nuna cewa Hausawa suna ajiye makaɗa da maroƙa a ƙasan tsanin daraja. David Ames da Anthony King kuma, a cikin ƙamus ɗinsu na kiɗan Hausa na 1971, sun bayyana yadda makaɗan fada suke taruwa kowace ranar Alhamis da dare su yi sara a ƙofar sarki, don a tuna wa gari cewa akwai mai shi. Wannan shi ne matsayi mai ban mamaki na makaɗin tambari. A waje ana ganinsa maroƙi, ba kowa zai ba shi 'ya ba, amma a cikin fada hannunsa ne yake sanar da duniya cewa wane ya zama sarki. Duk da haka gangar ba tasa ba ce. Ba ya sayar da ita, ba ya jinginar da ita, ba ya kai ta gidan biki ko da na ɗansa ne.

Komayen Dawaki

Jihadin da aka fara a 1804 ya zo wa masu wannan sana'a da girgiza. A cikin Kitabul Farƙi, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya sa yawan shagala da kaɗe-kaɗe cikin halayen sarakunan da yake suka, sai dai ya bar ƙofa a buɗe: ana iya kaɗa ganga don wata manufa da shari'a ta yarda da ita, kamar tara runduna, ko sanar da tashinta da saukarta. Wato Shehu ya hana wa gangar fahariya, ya bar mata aikin shela. Ƙanensa Malam Abdullahi, da ya sauka Kano wajen 1807 a kan niyyarsa ta tafiya gabas, ya ba da labari a cikin Tazyinul Waraƙati cewa mutanen garin sun karɓi wa'azinsa har suka farfasa kayan kiɗa, suka mayar da itatuwan gangunansu komayen da dawaki suke cin abinci a ciki. Mukan karanta wannan labari mu yi sha'awar ƙarfin wa'azin, kuma ya cancanci sha'awa. Amma yana da kyau mu tuna cewa kowane komi daga cikin waɗannan akwai gidan da yake ci daga gare shi kafin doki ya samu.

Hanin bai daɗe ba. Mulki yana son murya, talakawa kuma sun saba gane sarki da abin da kunnensu yake ji. Sarkin Kano Ibrahim Dabo (1819 zuwa 1846), da tawaye ya dame shi, ya nemi izinin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya farfaɗo da sarautu da al'adun fada na tsofaffin sarakuna, aka kuwa yarje masa. Sannu a hankali kakaki da tambura suka koma ƙofofin fadojin daular, har aka wayi gari a 1924 wanda ya hau gadon sarautar Musulmi a Sakkwato sunansa Muhammadu Tambari.

Akwai kuma wuraren da igiyar ba ta tsinke ba ko kaɗan, wato inda tsofaffin gidajen sarauta suka yi ƙaura da kayansu. Katsinawa sun kafa Maraɗi, Gobirawa sun zauna Tsibiri, Kabawa sun koma Argungu. Zazzagawa kuwa kudu suka nufa, kuma labarinsu shi ne ya kawo mu Abuja.

Marubutan Abuja sun ce a 1804 ne, wasu masana tarihi kuma suna kai abin 1808, rundunar Malam Musa da Yamusa ta auka wa Sarkin Zazzau Muhammadu Makau yana filin Idi a bayan birnin Zariya. Bai sami damar komawa cikin gari ba, daga nan ya yi kudu da waɗanda suke tare da shi. A ganinmu wannan rana ita ta yanke wa tamburan Zazzau hukunci. Da a ce a wata ranar Talata ce aka ritsa da sarki yana kilisa, da ya tsira da dokinsa da takobinsa kawai. Amma ranar Idi sarki yakan fita da cikakkiyar alfarmarsa, da fadawa da 'yan lifida da masu busa da masu kiɗa. Saboda haka abin da ya bar Zariya a wannan rana fada ce sukutum, ba ta rasa komai ba sai gini. Makau ya bi ta Kauru da Kajuru har ya sauka Zuba a ƙasar Koro, garin da a yau yake cikin Babban Birnin Tarayya. Daga can ya yi ta yaƙi har aka kashe shi kusa da Lapai a 1825.

Mai karatu ya kwatanta waɗannan shekaru a ransa. Sarki ba shi da birni, ba shi da ganuwa, ba shi da kasuwar da zai karɓi haraji, yana zaune a tsakiyar Koro da Gwari waɗanda suka san sunan Zazzau amma suke da nasu shugabanni. Me zai nuna musu ya bambanta da kowane ɗan gudun hijira mai mahaya a bayansa? Sai kayan gadon da ya zo da su, da mutanen da suka san yadda ake aiki da su. Takobi sai an matso kusa ake ganinsa, tambari kuwa daga bayan dutse ake jinsa. Makaɗin da ya biyo Makau yana da zaɓi, domin yana iya sulalewa ya koma Zariya ya nemi sabon ubangida, ko ya kama noma. Waɗanda suka tsaya, sun tsaya ne a lokacin da bara ba ta da riba.

Ɗan'uwan Makau, Abubakar, wanda ake kira Abu Ja saboda hasken fatarsa, shi ya gaje shi, kuma a 1828 ya kafa garin da ya ɗauki sunansa a kusa da Dutsen Zuma. Ya yi mulki har 1851. Bayansa aka yi Abu Kwaka, Dogon Sarki (1851 zuwa 1877), sai Ibrahim Iyalai, Dodon Gwari, wanda ya kai har zuwan Turawa a 1902. Duk tsawon wannan ƙarni sarakunan Fulani na Zariya ba su ci Abuja da yaƙi ba, su kuwa sarakunan Abuja ba su taɓa sakin sunan Sarkin Zazzau ba. Wasu 'ya'yan gidan sarautar biyu, Malam Hassan Sarkin Ruwa da Malam Shu'aibu Na'ibi, sun rubuta tarihi da al'adun garin da Hausa, Frank Heath ya fassara aikin zuwa Turanci aka buga a 1952, kuma a ciki sun ba kayan sarautar da aka zo da su daga Zazzau, har da tambura, muhimmanci na musamman. Da Smith ya tashi rubuta littafinsa Government in Zazzau, wanda ya fito a 1960, ya so ya san yadda fadar Zariya take kafin jihadi, sai ya tarar a Abuja aka adana tsarin, ya dogara ga bayanin Malam Hassan.

Ɗan'uwansa na Turai

Yanzu bari mu koma ga mutumin da muka baro a sahun baya. Gangarsa ma daga ƙasashen Musulmi ta fito. Turawa sun fara ganin ƙananan tagwayen ganguna da Larabawa suke kira naƙƙara a lokacin yaƙe-yaƙen Salibi, suka ɗauke su har da sunan. Manyan kuwa, waɗanda ake ratayawa a kan doki, daga rundunonin Turkawa suka shiga Turai ta ƙasar Hangari. A 1457 jakadun Sarkin Hangari Ladislas sun je Faransa neman aure, mutane suka yi ta mamakin girman gangunan da suka zo da su. A 1542 Sarkin Ingila Henri na Takwas ya aika Biyana a sayo masa irinsu. Tun daga ranar da suka shiga Turai, gangunan suka zama na sarakuna da manyan mayaƙa, abokan tafiyar ƙahon sarauta, kamar dai tambari da kakaki.

A 1623, shekarar da lissafin Tarihin Kano ya ba Kutumbi gadon sarauta, Sarkin Daular Jamusawa Fardinan na Biyu ya ba masu busa ƙaho da masu kaɗa timfani na fadoji takardar gata. Ta ba su daraja sama da sauran makaɗa, ta kuma ɗaure su. Ba su koya wa kowa sana'ar sai wanda ƙungiyarsu ta amince da shi, ba su kaɗawa a bikin talakawa, ba su cuɗanya da makaɗan kasuwa a wurin wasa. A wasu ƙasashen Jamus ƙaramin basarake ba shi da ikon mallakar gangar sai in a fagen yaƙi ya ƙwato ta. Bahaushen da ya san fada ba zai ga baƙon abu ko ɗaya a cikin waɗannan dokoki ba.

Inda hanya ta rabu shi ne lokacin da masu tsara kiɗa suka fara rubuta wa gangar nata rabon a takarda. Ana yawan ambaton wasan Thésée na Lully, makaɗin fadar Faransa, a 1675, a matsayin ɗaya daga cikin na farko da aka sa timfani cikin okestira. Haydn ya buɗe wani kiɗansa da rugugin timfani kaɗai a Landan a 1795, Beethoven kuma a kiɗansa na tara, a 1824, ya ba ta wurin da take magana ita kaɗai kowa ya yi shiru. Wannan ya sauya abubuwa biyu. Na farko, abin da ake kaɗawa ya fita daga cikin ƙwaƙwalwar gidan gado ya koma kan takarda, duk wanda ya iya karatun alamomin kiɗa yana iya koyonsa. Na biyu, gangar ta daina sanar da zuwan wani, ta zama murya cikin muryoyi, mai sayen tikiti yana iya zama ya saurare ta ba tare da ya faɗi gaisuwa ba. Da fadojin Jamus suka raunana, sai aka rushe ƙungiyar gatan, a Furushiya a 1810, a Sakisoni a 1831. Maƙera kuma suka yi ta gyara gangar, har a 1881 Carl Pittrich na birnin Dresden ya fito da wadda ake sauya muryarta da feda, makaɗi yana takawa da ƙafa hannuwansa suna aiki.

'Yancin bai zo a banza ba. Okestira tana iya ɗaukar masu goge talatin, amma kujerar timfani galibi ɗaya ce, wanda ya hau ta kuwa ba ya saurin sauka. Saul Goodman ya riƙe ta babbar okestirar New York daga 1926 zuwa 1972, shekara 46 ke nan, ya fi yawancin sarakunan da muka lissafa daɗewa. Sauran masu sana'ar sai su zama 'yan kira, kowa da gangunansa da motar ɗaukarsu, yana jiran a neme shi. Mafi shahara a irin waɗannan shi ne James Blades na Ingila (1901 zuwa 1999). Ya fara kiɗa a wurin masu wasan dabbobi da gidajen siliman da ba su da magana, ya shiga okestirar Landan, daga baya ya zaɓi zaman kansa. Shi ya kaɗa alamar nasara da gidan rediyon BBC yake watsa wa ƙasashen Turai a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, bugu uku gajeru da ɗaya dogo, kuma a kan wata ganga ta Afirka ya kaɗa ta. Ya yi aiki da Benjamin Britten, ya koyar, ya rubuta babban littafi a kan tarihin kayan kiɗa na bugawa a 1970. Mun san ranar haihuwarsa da ɗalibansa da abin da ya faɗa game da sana'arsa, saboda ya rayu a inda makaɗi yake sa hannu a kan aikinsa.

Bayan En'e

Irin guguwar da ta rushe gatan makaɗan Jamus ta iso ƙasar Hausa ita ma, sai dai a makare. Turawan mulkin mallaka ba su taɓa tambari ba, hasali ma sun so shi, don ya ƙawata musu hawan daba, kamar wanda aka yi wa Yariman Ingila a Kano a 1925 da wanda aka yi wa Sarauniya a Kaduna a 1956. Sun dai raba shi da aikinsa mafi girma, tun da babu sauran fita yaƙi. Daga 1967 zuwa farkon shekarun 1970 gwamnatin soja ta karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e, sa'an nan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya raba sarakuna da baitulmali da ikon zartarwa. Sarkin da dā yake ciyar da ɗaruruwan barori ya koma mai jiran kaso daga gwamnati.

Makaɗan fada masu waƙa sun sami mafita. Narambaɗa ya ƙare rayuwarsa yana makaɗin Sarkin Gobir na Isa, amma Musa Ɗanƙwairo, wanda ya fito daga fadar Maradun da kotsonsa, ya yi wa Sardauna waƙa, daga baya kuma ya zaga fadoji da gidajen attajirai har rasuwarsa a 1991. Mamman Shata kuwa, da kalangunsa, tun asali bai ɗaure kansa a ƙofar kowa ba, rediyo da faifai da kaset suka kai shi inda doki bai taɓa zuwa ba. Waɗannan su ne makaɗanmu masu zaman kansu, kuma nazarce-nazarcen da ake yi a sassanmu na Hausa, tun daga aikin Ɗandatti Abdulƙadir har zuwa na Sa'idu Muhammad Gusau, sun ba su haƙƙinsu gwargwado. Abin da suke sayarwa nasu ne, wato murya da fasaha da gangar da suka saya da kuɗinsu.

Mai tambari ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan da zai kai kasuwa. Ba waƙa yake yi ba balle a ɗauka a kaset. Gangar ta fada ce. Ko da ya sa an fafe masa tasa, ranar da ya kaɗa ta a bikin wani attajiri ya yi ɗaya daga cikin biyu: ko dai ya yi wa sarki shisshigi, ko kuwa ya mayar da tambari ganga kamar kowace, wadda ba wanda zai biya kuɗi ya ji, tun da kalangu ya fi ta daɗin rawa. Darajarta tana cikin hanin da aka yi mata. Timfani ya tsira daga wannan tarko domin an ba shi wani aiki kafin fada ta saki makaɗinsa. Tambari kuwa aikinsa na farko shi ne aikinsa har yanzu, sai dai kwanakin aikin sun ragu zuwa Salla biyu da naɗin sarauta da tarbar baƙi. Muna jin wasu suna cewa a shigar da shi cikin ƙungiyoyin raye-rayen gargajiya na jihohi don kada ya ɓace. Niyyar mai kyau ce, amma abin da za a adana ta wannan hanya icen ne da fatar.

A ranar 3 ga Fabrairu, 1976, gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa dokar sabon babban birni, kaso mafi girma na ƙasar da aka yanka kuwa daga tsohuwar masarautar Abuja ya fito. Aka karɓi sunan aka ba sabon birni, tsohon gari ya koma Suleja, daga sunan sarkin lokacin, Sulaimanu Barau (1944 zuwa 1979), ya zauna cikin Jihar Neja. A ranar 12 ga Disamba, 1991, gwamnati ta taso daga Legas. Sabon birnin ya zo da nasa kiɗan mulki, wato badujalar soja da ta 'yan sanda, waɗanda suke yi wa shugaban ƙasa abin da kakaki da tambari suke yi wa sarki, makaɗansu kuma suna karɓar albashi da fansho. Idan kuwa ana son baƙi su ji tambari, kamar a hawan dabar da aka riƙa haɗawa da bikin kanibal na Abuja wanda aka fara a 2005, ba a iya ɗauko makaɗin shi kaɗai yadda ake kiran mai timfani. Dole a gayyaci masarauta, ta zo da dawakinta da dogaranta, gangar ta biyo su. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake taƙama da su, hotunan da suka zaga duniya kuwa na mahaya ne da rawuna.

Sarkin Suleja har yau Sarkin Zazzau ake ce masa. Daga fadarsa zuwa Zuba, inda Makau ya fara sauka, tafiyar 'yan mintoci ce a mota, motocin da suke cika wannan hanya da asuba kuwa ma'aikata suke kaiwa birnin da ya karɓi sunan garinsu. Da yawa daga cikinmu ta nan muke bi idan za mu gida hutun Salla, kuma a irin wannan lokaci ne masu kiɗan fada suke fito da kayansu su duba fata da ɗauri kafin a ga wata.